Yadda Ake Tuƙi a Titin Kubwa, Daga Zuba Zuwa AYA

Duk yaron da aka turo mini daga gida don ya nemi aikin direba a Abuja, ba na kai shi wurin kowa sai na hau da shi titin Kubwa tukuna. Ranar Lahadi nake zaɓa, bayan sallar asuba, lokacin da titi yake fayau. In miƙa masa makulli a Zuba, in zauna a gefensa, mu miƙe har mahaɗar AYA da ke Asokoro mu juyo. Yaron da ya koyi mota a Funtuwa ko Gusau ya iya riƙe sitiyari, ya iya kauce wa rami da ɗan acaɓa, wannan ba na shakka. Abin da nake lura da shi biyu ne: sau nawa idonsa yake zuwa madubi, da abin da ƙafarsa take yi idan ta ga kwalta shimfiɗe ba rami ba gargada. Mafi yawansu kafin mu kai Dei-Dei maleji ya haura 120, kuma ba su ma san sun kai ba. Abin da nake gaya musu a wannan tafiya shi zan faɗa a nan, don ba direban haya kaɗai yake bin titin ba. Ma'aikaci ma yana bi, uwar gida mai kai yara makaranta tana bi, baƙon da ya shigo daga Kaduna ko Minna shi ma nan zai faɗo.

Na san titin nan tun yana ƙarami, kafin gwamnatin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ta ba da kwangilar faɗaɗa shi a 2009. Sunansa a hukumance titin Murtala Mohammed, kuma a tsarin birnin shi ne babban titin da ya zagaye gari ta arewa, amma ba wanda zai gane ka a tasha sai ka ce titin Kubwa. Daga Zuba yana bi ta Dei-Dei, Kubwa, mahaɗar Dutse, Dawaki da ƙofar Galadima ta shiga Gwarimpa, sai Katampe, mahaɗar Mpape, ya ratsa bayan Maitama ya sauka AYA a Asokoro. Layi goma ne. Shida a tsakiya, uku masu tafiya uku masu dawowa. Sannan kowane gefe akwai ƙaramin titi mai layi biyu, wanda direbobi suke kira sabis len.

Fara fahimtar wannan rabon kafin komai, domin rabin wahalar baƙo a nan take. Titin tsakiya na mai dogon zango ne. Na gefe kuwa na mai shiga unguwa ne, ko mai shan mai, ko mai ɗauka da sauke fasinja. Tsakanin su akwai shinge, kuma ba ko'ina ake tsallakawa ba, sai wuraren da aka buɗe. Don haka tun kafin ka tayar da mota ka san inda za ka fita. Idan Gwarimpa za ka, kada ka jira sai ka hango ƙofar Galadima sannan ka fara neman hanya daga layin ƙarshe na hagu. Tun da nisa ka dawo dama, ka kunna tirafiketa, ka shiga na gefe ta buɗin da ya gabaci wurin. In kuwa ka ga ka wuce, to ka wuce ke nan. Ka ci gaba zuwa gada ta gaba ka juyo. Minti goma ne za ka rasa da ɗan mai kaɗan. Na sha ganin mutum ya taka birki a tsakiyar titi, har ma ya sa ribas, wai don ya koma buɗin da ya bari a baya. Wanda yake tafe a bayansa da gudun 100 ba shi da wata dabara da za ta cece su.

A cikin layi ukun tsakiya, gidana shi ne na tsakiyar. Na dama shi ne inda manyan motoci suke jan jiki, kuma nan masu shigowa daga gefe suke faɗowa. Na hagu na wuce mota ne: ka shiga, ka wuce, ka dawo. Wasu sukan kafe a can suna tafiyar hawainiya suna waya, sai su tilasta wa na baya ya wuce su ta dama, daga nan sai titi ya rikice kowa yana saƙa. Wasu kuma sukan zo maka a baya kamar an jefo su, suna walƙa maka fitila. Kada zuciya ta ɗebe ka. Duba madubin dama, in da sarari ka ba shi hanya ya tafi. Ba a gasa da wanda ba ka san abin da ya sha ba ko abin da yake damunsa.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa ƙaramar mota ta gida kilomita 100 a awa a kan irin wannan titi, tasi da bas 90, tirela da tanka 60. Yara sukan yi murmushi idan na faɗi haka, don suna ganin 100 ba gudu ba ne a titi mai kyau irin wannan. Sai in yi musu lissafi. Motar da take kan 100 tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin idonka ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, ƙafa ta bar totur ta koma birki, daƙiƙa ɗaya ko fi ta wuce, ba ka ma fara tsayawa ba. In ka haɗa da jan da birki zai yi, kana bukatar kusan tsawon filin ƙwallo kafin ka tsaya cak, a busasshiyar kwalta da taya mai kyau. Ka ɗaga zuwa 140, nisan da birki zai ja ya kusa ninkawa. Me ka samu a madadin haka? A tafiyar kilomita 20, mai bin 100 zai yi minti 12, mai bin 130 zai yi minti 9 da 'yan daƙiƙoƙi. Minti uku bai cika ba, kuma su ma za ka mayar da su a cunkoson farko da ka tarar.

Abin da ya fi maleji muhimmanci a wurina shi ne tazara. Ka zaɓi wani abu a gefen titi, turken fitila ko ƙafar gada. Da motar gabanka ta gifta shi, ka ƙirga a zuci: dubu da ɗaya, dubu da biyu, dubu da uku. In ka iso wurin kafin ka gama, ka matse shi da yawa, sassauta. Na sani, da ka bar wannan fili wani zai cusa kai ya shiga. Bar shi ya shiga, ka sake buɗe wani. Sau ashirin zai faru tsakanin Kubwa da Maitama, kuma ba abin da zai rage ka da shi. Haɗarin da na fi gani a titin nan da safe shi ne na bugun baya, mota huɗu biyar a jere, kowa ya sha bayan ɗan'uwansa, kuma duk daga rashin wannan fili ne.

Yanzu mu zo ga mahaɗu, inda aikin yake. Dei-Dei kasuwa ce, ta kayan gini da ta tumatur da ta dabbobi, saboda haka za ka haɗu da a-kori-kura da ta yi lodin rodi ya zarce bayanta da jan ƙyalle a ɗaure, wani lokaci ma ba ƙyallen. Kada ka taɓa bin irin wannan mota kusa. A Kubwa da mahaɗar Dutse da Galadima kuwa fasinja ne suke cika bakin titi tun ƙarfe shida. Tun da aka hana acaɓa shiga tsakiyar birni a 2006, aka kuma hana ƙananan bas a 2013, yawancin masu zuwa aiki da motocin kabu-kabu suka dogara, kuma ma'aikaci da kansa yakan ɗauki mutum huɗu don ya rage kuɗin mai. Wannan yana nufin kowace mota da take gabanka tana iya tsayawa a kowane lokaci, ko fentin tasi gare ta ko babu. Hannu ɗaya aka ɗaga mata a gefe, sai ta yanko daga layin hagu ta tsaya, ba sigina ba komai. Ni idan na doso waɗannan wurare ba motar gabana kaɗai nake kallo ba, har da mutanen bakin titi. Da na ga hannu ya tashi, na san wani zai taka birki, sai in ɗage ƙafa tun kafin jar fitilarsa ta kama.

Akwai gadojin tsallaka titi a manyan mahaɗun nan, amma mutane da yawa ba sa hawa. Ba na zaginsu gaba ɗaya, domin wasu gadojin suna da nisa da inda mota take sauke su, ga tsayin bene ga kaya a ka, da dare kuma wasu suna tsoron ɓata-gari a sama. Amma kai direba dole ka sa a ranka cewa za su fito. Wata safiya cikin hazo, ina tafe kusa da mahaɗar Dutse, na hangi wata mata a kan shingen tsakiya, goye da yaro, ta riƙe hannun wata 'yar kamar shekara biyar, ɗaya hannun da bokitin awara ko wani abin sayarwa. Ta riga ta tsallake rabi, saura rabi. Na ga tana lilo da jiki gaba da baya, tana auna motoci. Mai tafiya a ƙasa ba ya iya auna gudun motar da take doso shi kai tsaye, yana ganin ta da nisa, ƙiftawa ɗaya ta iso. Na rage gudu tun daga nesa, na kunna fitilun haɗari don na baya su farga. Ta sauko da gudu, takalmin yarinyar ya fita a layin tsakiya, yarinyar ta ja baya za ta ɗauka, uwar ta fizgo ta. Silifas ɗin ruwan hoda ne, ina ganinsa a madubi har wata tifa ta bi ta kansa. Da a kan 120 nake, ban san me zan gaya wa Ubangijina ba. Abu ɗaya dai zan ja kunnenka: kada ka tsaya cak a titin tsakiya ka yi wa mai tsallakawa alama da hannu ya wuce. Kai ka tsaya, na layin kusa da kai bai gan shi ba, kai ne ka tura shi gaban mota. Rage gudu kawai, ka bar shi ya yanke wa kansa.

Titin gefe hannu ɗaya ne a doka, amma kada ka yarda da hakan. Keke mai ƙafa uku, babur, har da motocin gida suna biyo wanwe don gudun zagaye, musamman da safe idan cunkoso ya kama da kuma bayan magariba. Duk sanda za ka fito daga gidan mai ko wani layi ka hau shi, duba hagu da dama duka biyun. Kai kuma kada ka bi sahunsu ko da ka ga mota goma sun yi. In aka yi karo, laifin naka ne ɗungurungum, ba mai sauraron cewa wasu ka gani.

Daga Katampe zuwa bayan Maitama titin ya canza hali. Gidaje sun ja baya, duwatsu sun matso, akwai hawa da gangare da lanƙwasa masu faɗi waɗanda ba ka jin su a jiki sai ka ga mota tana neman gefe. Mpape wurin fasa dutse ne, saboda haka tifofi ba sa yankewa. Mai lodi tana hawa da ƙyar, wadda ta sauke tana gudu kamar ƙaramar mota. Tsakuwa tana zubowa daga bayansu, ɗaya tak ta isa ta tsaga maka gilashi, waɗanda suka taru a gefen kwalta kuma suna sa taya ta zame. Ka ba su fili. In za ka wuce babbar mota, ka wuce ta hagu, ka wuce gaba ɗaya, kada ka jera da ita kuna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Idan ba ka ganin madubin direbanta, shi ma ba ya ganinka. Kuma kada ka yanko gabanta a gangare ka taka birki. Nauyin da take ɗauke da shi ba ya tsayawa don an so.

Wani abin da ba wanda ya gaya mini sai da na gani da idona shi ne rana. Mazaunin Kubwa ko Zuba ko Suleja gabas yake fuskanta da safe, yamma yake fuskanta da la'asar sakaliya. Kenan rana tana cikin idonsa tafiya da dawowa. Gilashin da yake da ƙura ko maiƙo, da rana ta doke shi sai ya koma fari fat. Ka wanke shi ciki da waje, ka zuba ruwa a tankin waifa, ka ajiye baƙin tabarau a mota. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yakan haɗu da hayaƙin ƙona ciyawar gefen titi. Kunna ƙananan fitilu ko da gari ya waye, don a gan ka. Babbar fitila a cikin hazo dawo maka take yi.

Damina kuwa daga Afrilu take farawa har Oktoba, kuma ruwan farko ya fi kowane santsi, domin yana taso da man da ya zuba a kwalta duk tsawon rani. A Agusta da Satumba ruwa yakan sauko kamar da bakin ƙwarya, waifa ta kasa. Inda yashi da leda suka toshe magudana, ruwa yakan kwanta a gefen shinge. Ka shiga da gudu, taya ta hau kan ruwan ta rabu da ƙasa, sai ka ji sitiyari ya yi sakayau a hannunka. In haka ta faru kada ka taka birki, kada ka murɗa. Ɗage ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari miƙe har ka ji taya ta sake kama ƙasa. Tazarar nan ta daƙiƙa uku ka mayar da ita shida. In ka ga ba ka gani sam, ka shiga titin gefe ka fake a gidan mai. Kada ka tsaya a ƙarƙashin gada a titin tsakiya kamar yadda wasu suke yi.

Maganar taya zan daɗe a kanta, don ita ta kusa kai ni lahira. Wata shekara maigidan da nake yi wa aiki a lokacin ya sayo taya 'yar gwanjo guda biyu, zanensu raɗau kamar sababbi. Na duba na yi shiru, wanda bai kamata in yi ba. Bayan sati uku, da azahar ana zafi, a gangaren Katampe ta gaba ta dama ta fashe. Ƙarar kamar an harba bindiga, motar ta fizga dama da ƙarfi. Abin da tsohon ubangidana ya koya mini shi ya dawo mini: hannu biyu a sitiyari, ƙafa nesa da birki. Na bar ta tana rage gudu da kanta, ina gyara ta a hankali, sai da ta sauko ƙasa sosai sannan na taɓa birki kaɗan-kaɗan na gangara gefe. Da na sauka ƙafafuna rawa suke. Mai facin da ya zo ya nuna mini lambobi huɗu a jikin tayar, ya ce ta haura shekara tara. Ka koyi karanta su. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Jami'an kiyaye haɗurra shekara huɗu suke ba taya daga ranar da aka yi ta. Iska kuma ba da dukan taya da ƙafa ake gane ta ba. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, ka sa mai faci ya auna da safe kafin taya ta ɗau zafi, ka tsaya kana kallon ma'aunin, don wasu cikawa kawai suke yi har ta yi tauri.

Idan mota ta lalace, ka yi duk yadda za ka yi ka fitar da ita daga layin da ake gudu. Kunna fitilun haɗari. Fitar da kowa ta ƙofar da ba ta kallon titi, su tsaya bayan shinge, kada su zauna a ciki suna jira. Alamar nan mai kusurwa uku ka kai ta baya sosai, taku hamsin ko fi, ba gindin bamba ba. In ka ƙara da ganye kamar yadda aka saba, to ka kwashe shi in za ka tafi, da duwatsun da ka tare taya da su. Lambar kiran jami'an kiyaye haɗurra 122 ce, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112. Ka adana su a waya tun yau, tare da lambar bakanikenka da ta mai janwe.

Da dare fitilun titi wani wuri suna ci wani wuri babu, kuma inda babu nan ne za ka tarar da tirelar da ta mutu ba ko ƙyalli a bayanta, ko shanu suna tsallakawa. Ka yi gudun da za ka iya tsayawa a iya inda fitilarka take haskawa. Ba na ɗaukar wanda ban sani ba bayan isha'i, kuma ina gaya wa iyalina kada su shiga motar da ba ta tasha ba, saboda 'yan wan-cans da suke shigar direba da fasinja su yi wa mutum fashi. In ka ji jiniya a baya, ta asibiti ce ko ayarin manya, duba madubi, sa sigina, ka koma dama a hankali. Kada ka bi bayansu don ka ci ribar hanyar da suka buɗe.

A AYA titin yake sakinka, amma in Nyanya ko Mararaba za ka, gangaren Kugbo yana jiranka. A watan Maris na 2025 wata babbar mota ta ƙwace a kusa da gadar Karu da yamma, ta afka wa motocin da cunkoso ya tsayar, wuta ta tashi, aka rasa rayuka. Tun daga lokacin, duk sanda na tsaya a wutsiyar cunkoso a gangare, nakan bar fili tsakanina da na gaba wanda zai ishe ni in karkata in fita, idona kuma yana madubi har sai mota biyu uku sun tsaya a bayana.

Yaron da ya yi tafiyar Lahadi lafiya, ba na sallamarsa tukuna. Sai ranar Litinin ƙarfe shida da rabi in sake ba shi makulli a Dei-Dei, lokacin da Suleja da Madalla da Zuba da Kubwa da Bwari duk suka zubo titi ɗaya, rana tana fitowa daidai saitin ido. In ya kai mu Maitama ban taka birkin da babu shi a gefena ba ko sau ɗaya, sai mu tsaya wurin mai shayi, in kira wanda yake neman direba in ce masa gobe zan kawo yaron.